Dabba Ba Ta Da Bakin Kai Ƙara: Ina Matsayinta A Dokokinmu?

Akwai maganar da in an ɗauko ta a zaure sai manya su sunkuyar da kai, a kori yara waje, wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce a bar zancen haka nan. Maganar da muke so mu tayar a wannan fili tana cikin irinsu, watau aikata lalata da dabba, da yadda doka ta ɗauki wannan mugun aiki. Muna roƙon masu karatu gafara tun da fari. Amma Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, mu kuwa ɗalibai da aka turo jami'a da kuɗin talakawa, in muka ƙi duba abin da ke rubuce cikin kundin dokokin ƙasarmu don kawai yana da nauyin faɗa, to, mun ci amanar waɗanda suka turo mu.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, dokokin Nijeriya sun tsananta hukunci a kan mai wannan laifi, amma sun manta da dabbar da aka yi wa laifin. Muna ganin lokaci ya yi da za a shigar da wannan laifi cikin babin kare dabbobi, a rubuta shi da sunan cutar da mai rai.

Bari mu fara da abin da ke ƙasa. A Kudu ana aiki da Kundin Laifuffuka wanda Turawa suka kwaikwayo daga na jihar Kwinslan ta Ostireliya na 1899. A Arewa aka fara kafa shi a 1904, sa'an nan aka shimfiɗa shi a kan ƙasar gaba ɗaya a 1916. Sashe na 214 na wannan kundi ya yanka ɗaurin shekara 14 ga wanda ya sadu da dabba, kuma an ajiye sashen a cikin babin laifuffukan da suka saɓa wa ɗa'a. A Arewa kuwa, tun 1960 muke da Final Kod, wanda aka ɗauko daga na Sudan, shi kuma na Sudan daga kundin Indiya na 1860 aka samo shi. Sashe na 284 na Final Kod na asali ya ce ɗauri har shekara 14 tare da tara, kuma yana zaune ne kusa da sashen fyaɗe, a babin laifuffukan da suka shafi jikin mutum. Daga shekarar 2000 jihohi da dama, Zamfara ce kan gaba, sun ƙara da kundin laifuffuka na shari'ar Musulunci, wasu kuma kamar Kaduna a 2017 sun sake rubuta nasu Final Kod ɗin.

To, yanzu mu buɗe babin cin zalin dabbobi mu gani. Sashe na 495 na Kundin Laifuffuka ya ce wanda ya doki dabba da mugunta, ko ya labta mata kayan da suka fi ƙarfinta, ko ya azabtar da ita, hukuncinsa ɗaurin wata 6, ko tarar naira 50, ko duka biyu. Naira hamsin! Kuɗin da yau ba su sayen ƙunshin harawa ɗaya a kasuwar kara. Ashe ke nan wanda ya karya wa jaki ƙashin baya da kulki yana iya fita daga kotu da canjin aljihunsa, alhali kuwa wanda ya yi lalata da shi yana fuskantar shekara 14. Wannan tazara ita ce ke tona asirin abin da masu rubuta dokar suka sa a gaba. Ƙyamar aikin ce ta dame su, zafin da dabbar ta ji bai shiga lissafinsu ba. Daɗin daɗawa, ikon da kotu take da shi na ƙwace dabba daga hannun mai ita, da ikon ɗan sanda na ɗauke ta ya adana, duk suna can cikin babin naira hamsin, an ɗaure su da laifin cin zali. Sashe na 214 bai ce komai ba game da makomar dabbar.

Mai karatu yana iya cewa, to mene ne aibi, tun da dai an hana, kuma hukuncin ya yi tsanani? Amsa tana cikin tarihin wasu ƙasashe, musamman Jamus, kuma ya kamata mu tsaya mu dube shi da kyau.

A Jamus ma da can haka dokar take. Laifin saduwa da dabba yana cikin babin ɗa'a, manne da sashen da ya hana saduwar namiji da namiji. A 1969 Jamus ta Yamma ta yi wa kundin laifuffukanta babban gyara. Masanan shari'a na lokacin suka kafa hujja cewa aikin dokar laifi shi ne ta kare wani haƙƙi da ake iya nunawa, ba aikinta ba ne ta riƙa hukunta mutane don kawai jama'a na ƙyamar abin da suka yi. Da aka auna sashen dabba da wannan ma'auni sai aka rasa wanda yake karewa, domin tun asali ba don dabba aka rubuta shi ba. Sai aka soke shi. Aka ce ai dokar kare dabbobi tana nan, in an cutar da dabba za ta yi aiki.

Nan fa gizo ke saƙar. Dokar kare dabbobi ta Jamus, wadda aka sabunta a 1972, tana hukunta wanda ya jawo wa dabba matsanancin zafi ko wahala, amma sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar da wannan zafi a gaban alƙali. Yaya za a tabbatar? Dabba ba ta shiga akwatin shaida ta yi rantsuwa. In an sami rauni a fili, likitan dabbobi ya rubuta, to, shi ke nan. In kuwa kwanaki sun wuce raunin ya warke, ko cutar ta tsaya ga firgici da canjin hali, sai wanda ake tuhuma ya kaɗe rigarsa ya tafi gida, dabbar kuma ta bi shi a baya, tun da tasa ce. Haka aka zauna shekara 44.

Cikin waɗannan shekaru tunanin Jamusawa game da dabba ya yi ta sakewa. A 1990 suka rubuta cikin kundin dokokinsu na mu'amala cewa dabba ba kaya ba ce kamar kujera ko keke. A 2002 suka shigar da kare dabbobi cikin tsarin mulkin ƙasa, ya zama nauyi a kan gwamnati. A 2013 kuma gyaran da muke magana a kai ya fara aiki. Aka ƙara wa sashe na 3 na dokar kare dabbobi sakin layi wanda ya hana mutum amfani da dabba don biyan sha'awarsa, ko horar da ita don sha'awar wasu, ko miƙa ta gare su, ta yadda za a tilasta mata abin da ya saɓa wa halittarta. Tarar tana kai wa yuro 25,000. Wasu mutum biyu suka kai ƙara Kotun Tsarin Mulki da ke Karlsruhe, suna cewa an tauye musu 'yanci. A watan Disamba na 2015 kotun ta ƙi karɓar ƙarar, ta nuna cewa kare lafiyar dabba daga irin wannan cin zarafi manufa ce halattacciya wadda ta rinjayi abin da suke nema.

Abin lura a nan shi ne, aikin da aka hana a 2013 shi ne dai wanda aka daina hukuntawa a 1969. Tushen hanin ne ya sake. Na farko an gina shi a kan ƙyamar jama'a, da ra'ayin masana ya juya sai ya rushe. Na biyu an gina shi a kan haƙƙin dabbar kanta, shi ya sa da aka jijjiga shi a kotu ya tsaya da ƙafafunsa.

Ba Jamus kaɗai ta bi wannan hanya ba. Suwidin ta soke laifin a 1944, ta komo ta hana shi a 2014. Holan ta hana a 2010. Danmak ta bi sahu a 2015 da ɗaurin da ke kai wa shekara 1 a karon farko, shekara 2 ga wanda ya maimaita, kuma cikin dalilan da ministan noma na lokacin, Dan Jørgensen, ya kawo har da tsoron kada ƙasarsa ta zama matattarar masu wannan hali bayan maƙwabta sun rufe ƙofofinsu. Faransa ta sa cin zarafin dabba ta wannan fuska cikin kundinta a 2004, ta ƙara ƙarfafa shi a 2021 da ɗaurin shekara 3 da tarar yuro 45,000.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne labarin Indiya, domin kakan Final Kod ɗinmu daga can ya fito. Sashe na 377 na kundin Indiya na 1860 kusan kalmominsa ɗaya da sashenmu na 284, ya haɗa namiji da mace da dabba cikin jimla guda. A 2018 Kotun Ƙoli ta Indiya ta cire manya masu yardar juna daga ƙarƙashin sashen, ta bar shi yana aiki a kan dabba. Amma da gwamnati ta kawo sabon kundi wanda ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 2024, sai aka zubar da sashen ɗungurungum, ba a rubuta wa dabba madadinsa ba. Abin da ya rage mata shi ne dokar hana cin zalin dabbobi ta 1960, wadda ta yanka tarar rufi 10 zuwa 50 ga mai laifin farko. Rufi hamsin a can, naira hamsin a nan. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Ba mu shiga muhawarar abin da ya shafi mutane da junansu ba, wannan zance ne dabam mai nasa fili. Abin da muke nunawa shi ne, kariyar da aka rataya a jikin wani sashe na dabam tana faɗuwa ranar da aka taɓa wannan sashe, ko da gangan ko bisa kuskuren mai rubutu. Jihohinmu suna ta sake kundinsu ɗaya bayan ɗaya, wa zai ba mu tabbacin cewa wani kwamiti ba zai yi irin ta Indiya ba?

Akwai wata ɓaraka kuma, wadda Kanada ta gano a hanya mai ɗaci. A 2016 Kotun Ƙoli ta Kanada ta yanke hukunci a shari'ar wani mutum da ya daɗe yana lalata da 'ya'yan matarsa biyu, har ya sa karen gidan cikin ta'asar. An same shi da laifuffuka masu yawa game da yaran, amma aka wanke shi daga laifin dabba, domin alƙalai 6 cikin 7 sun ce ma'anar kalmar da aka gada daga dokar Ingila tana bukatar cikakkiyar saduwa, abin da bai kai nan ba ba ya ciki. Sai da majalisar ƙasar ta gyara dokar a 2019, ta ce duk wata taɓa dabba da nufin sha'awa laifi ce. Mu ma daga Ingila muka gaji kalmominmu, kuma sashe na 6 na Kundin Laifuffuka ya ɗora ma'anar saduwa a kan wannan sharaɗi. Lauya mai wayo ba zai sha wahalar samun wannan ƙofa ba. Shari'ar ta Kanada ta koya mana abu na biyu, watau gidan da ake yi wa dabba haka, a duba lafiyar yaran da ke cikinsa. Hukumar binciken laifuffuka ta tarayyar Amurka ma tun 2016 ta fara tattara alƙaluman cin zalin dabbobi a rukuni na musamman, har da wannan nau'i.

Yanzu mu juya ga masu suka, domin mun san akwai su ko a ɗakunan kwananmu. Na farko zai ce, mutane ba su ƙoshi ba, asibitoci babu magani, ku kuna ta akuya. Muna amsa masa da cewa gyaran sakin layi uku cikin kundi ba ya cin kuɗin asibiti ko ɗaya. Kuma akuyar nan da ake rainawa ita ce bankin matar ƙauye, ita ake sayarwa a biya kuɗin makaranta, a yi wa 'ya gara. Jakin nan shi ne motar manomi. In an ɓata dabba, sau da yawa mai ita ba ya iya sayar da ita ko ci gaba da kiwonta saboda surutun gari, sai ya yi hasara biyu, ga ta dukiya ga ta mutunci, sashen da ke hukunta mai laifin kuwa bai ambace shi ba.

Na biyu zai ce, wannan duk kwaikwayon Turawa ne. Gaskiya ne cewa Jeremy Bentham ya yi rubutu a 1789 yana nuna cewa abin dubawa game da dabba shi ne ko tana jin zafi, kuma Ingila ta kafa dokar Richard Martin ta hana cin zalin shanu da dawaki a 1822. Amma kafin a haifi kakannin Bentham, yaranmu na makarantar allo sun san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasar nan, sun ce wanda ya sadu da dabba ba a kashe shi, ba a yi masa haddi, sai horo gwargwadon yadda alƙali ya ga ya dace, dabbar kuwa hukuncinta ɗaya da sauran dabbobi, ba a halaka ta don abin da aka yi mata. A gwada wannan da abin da ya faru a Plymouth ta Amurka a 1642, inda aka yanka dabbobin a gaban wani saurayi ɗaya bayan ɗaya kafin a rataye shi. Cewa dabbar ba ta da laifi, ita aka zalunta, ba baƙon tunani ba ne a wurinmu.

Na uku shi ne mai hujja mafi ƙarfi, kuma ba za mu kauce masa ba. Zai ce, kuna cewa dabba ba ta iya ba da yarda, to, ragon layya an tambaye shi? Saniyar huɗa ta sa hannu a takarda? Wannan tambaya tana da nauyi, kuma dalilinta ne ya sa ba mu kafa hujjarmu a kan yarda kaɗai ba. Ɗan Adam yana yanka dabba, yana hawanta, yana noma da ita, saboda bukatar rayuwa, kuma addini da al'ada da doka duk sun gindaya wa wannan amfani sharuɗɗa, a wasa wuƙa, kada a yanka wata a gaban wata, kada a labta kaya fiye da ƙima, a ba da ci da sha. Ma'anar sharuɗɗan ita ce, ikonmu a kan dabba amana ce mai iyaka, ana jawo mata wahala ne kawai inda akwai dalili karɓaɓɓe, kuma gwargwadon bukata. Dokar Jamus ma da wannan ƙa'ida ta buɗe, cewa ba a cutar da dabba ba tare da dalili na hankali ba. Lalata da dabba ba ta ciyar da kowa, ba ta noma gonar kowa, abin da take bari shi ne rauni da cuta da firgici, ƙananan dabbobi kuwa har mutuwa. Wanda ya aikata ta ya yi amfani da igiyar da aka ba shi don kiwo ya ci amanar abin da ke ɗaure a jikinta.

Ba muna cewa a kwafo dokar Jamus baƙi da baƙi ba. Tana da nata rauni, domin tara kawai ta yanka, ba ta ɗauki aikin a matsayin laifin da ake ɗauri a kansa ba sai in an tabbatar da matsanancin zafi, mai kuɗi kuwa tara ba ta tsorata shi. A wannan fuska Danmak da Faransa sun fi ta. Haka kuma ba mu ce shekara 14 ita ce daidai ba. Ingila da ta koya mana wannan tsanani, wadda tun dokar 1533 take kisa a kansa, ta sauko zuwa shekara 2 a dokarta ta 2003. Hukuncin da ya yi nauyi ƙwarai yakan sa maƙwabta su gwammace rufa asiri da kai ƙara, ko kuma matasa su ɗauki doka a hannunsu, duka biyun kuwa ba su amfanar dabba, ba su gyara mai laifi. Adadin shekarun abu ne da majalisa za ta auna.

Abin da muke nema ga shi. A rubuta sashe mai zaman kansa cikin babin kare dabbobi, wanda zai hana duk wata taɓa dabba da nufin sha'awa, ba tare da an bukaci shaidar rauni ba. A ambaci mai miƙa dabbar, da mai horar da ita, da mai ɗaukar hoto da waya yana yaɗawa, kowa da sunansa, maimakon a riƙa lalubensu ta sashen taimaka wa mai laifi. A keɓe aikin likitan dabbobi da makiyayi a fili, kamar taimakon haihuwa da ɗura iri, don kada doka ta kama mai gaskiya. A wajabta wa 'yan sanda kai dabbar ga likitan dabbobi nan da nan, a yi mata magani da kuɗin mai laifi. A ba kotu ikon ƙwace ta in tasa ce, da hana shi kiwo na wasu shekaru, in kuwa ta wani ce a biya mai ita diyya. A hana kashe ta sai in likita ya ce ba za ta rayu ba. A sanar da ofishin jin daɗin jama'a in akwai yara a gidan, a kuma tura mai laifin ga likitan ƙwaƙwalwa tare da hukuncinsa. Daga ƙarshe a ɗaga tarar naira 50 ɗin nan zuwa abin da zai sa mugu ya yi tunani sau biyu.

Wannan aiki ba sai an jira Abuja ba. Yawancin dokokin laifi a Nijeriya suna hannun jihohi, kowace Majalisar Dokoki ta Jiha tana iya yin gyaran cikin zama kaɗan. Mu ne za mu zama lauyoyin Ma'aikatar Shari'a da likitocin Ma'aikatar Dabbobi nan da 'yan shekaru, wasunmu ma da suka riga mu fita suna can kan tebur, su ne ke rubuta takardun da kwamishina ke sa wa hannu. Muna kira ga 'yan'uwanmu na Sashen Shari'a da na Sashen Likitan Dabbobi su zauna tare su tsara daftari guda, Ƙungiyar Ɗalibai ta miƙa shi ga kwamitin shari'a na majalisar jiha. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jamusawa sun yi shekara 44 kafin su toshe ɓarakar da suka buɗe da hannunsu, mu kuwa mun sami labarinsu a kyauta, saura mu yi aiki da shi.